Bigilar Da Na Sa Aka Busa

Litinin: Wurno zuwa Magarya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana idar da salla, na rataya jakata na fito. Maiɗakina ta biyo ni har zaure da kofin kunu tana cewa, "Malam, tahiyar ga dole ta? Ka ce musu ƙahwa na yi maka ciwo." Na shanye kunun a tsaye, na ce mata kwana biyu ne kawai, ranar Laraba ina gida.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon malamin motsa jiki ne. Shekara talatin da biyu na yi ina koya wa 'yan makaranta fareti da badujala, wato ganguna da bigila. Tun kafin in yi ritaya mutane suka laƙaba mini Sikeli, saboda duk shekara kafin gasar badujalar makarantu da ake yi a Sakkwato lokacin bikin 'yancin kai, ni nake faɗin wanda zai ci, kuma shekara goma sha ɗaya a jere ban kuskure ba. Ina jin daɗin sunan nan fiye da kima, ba zan ɓoye ba.

Bana wani tsohon ɗalibina, Alhaji Ladan mai sana'ar albasa, ya ce zai ɗauki nauyin makaranta ɗaya tak daga yankinmu: mota, sabbin kayan fareti da abinci. Makarantu uku ke nema, ɗaya a Magarya, ɗaya a Rabah, ɗaya a wani ƙauye gaba da Shinaka wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ya kira ni ya ce, "Malam, ba ni son asarar mota. Ka tahi ka ji su duka, wanda kac ce zai ci shi nika ɗauka."

Ɗan kabu-kabu ya kai ni Magarya a naira dubu ɗaya da ɗari biyu. Hanyar duk laka, gero ya yi kai yana jiran yanka, sau biyu na sauka ya tura mashin. Ƙarfe bakwai saura kwata muka isa. Na ci masa ta ɗari biyar a bakin makaranta kafin yara su taru.

Yadda nake aikina ba wani asiri ba ne. Juya wa 'yan badujala baya nake yi, domin ido yana ruɗuwa da farin takalmi da wasan mai sanda. Abu uku nake saurare. Babbar ganga ta faɗa daidai da ƙafar hagu. Ƙananan ganguna su gama kiɗi tare, kada wani ya bar wutsiya. Sai bigila, in ji ko muryar sama tana fita tas yayin da mai busa ke tafiya yana haki. Kusan duk shekara a wannan na ukun ake cin gasa ko a faɗi, don haka ban taɓa yanke hukunci a kan 'yan badujalar da ban ji bigilarsu da ƙarfi ba.

Na Magarya minti goma suka ishe ni. Gangunansu ba laifi, amma bigila huɗu ke gare su, biyu sun lotse, ɗaya an ɗaure ta da robar taya. Da suka hau muryar sama sai ka ce an taka wutsiyar akuya. Malaminsu ya matso yana murza hannu ya ce, "Baba Sikeli, yaya kag gani?" Na ce masa su ci gaba da ƙoƙari, baɗi ma shekara ce. Bai raka ni bakin hanya ba, ni kuma ban damu ba.

Litinin da rana: Rabah

Na koma Wurno na shiga mota ƙarfe goma sha ɗaya, naira dubu biyu da ɗari biyar, mu shida da buhunan tafarnuwa. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita ashirin da 'yan kai in an miƙe, amma zagaye da ramuka suka cinye mana awa ɗaya da minti arba'in. Shinge biyu muka wuce. A na biyun wani jami'i ya buɗe jakata ya ga usur da littafi, ya tambaye ni aikina. Direba ya riga ni amsawa: "Boka na, yallaɓai, amma na ganga." Duk motar aka kwashe da dariya, har da ni.

Bayan la'asar na ji na Rabah. Su talatin ne, bigila takwas sababbi, malaminsu matashi ne da ya koyo abin a wurin hidimar ƙasa. Sun iya, ba ni da abin cewa. Babbar ganga tana kan ƙafar hagu, bigila tana fita, sai dai masu busa biyu suna jan numfashi a wurin da bai kamata ba. Na rubuta a littafina cewa za su iya zuwa na ɗaya in ba a samu wanda ya fi su ba.

Na sauka gidan wani abokina, Malam Buhari mutumin Tursa, wanda muka yi makarantar horon malamai tare. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Muna ci ya tambaye ni inda na nufa gobe, na gaya masa. Ya ajiye loma ya ce, "Wurin Kofur Mode za ka? To ka san ɗiyan nan nai shekara biyu ke nan ba wanda yaj ji busarsu?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"In ka tahi ka gani," in ji shi. "Ni dai kak ka kwan can."

Kofur Mode na san shi tun ina saurayi. Tsohon soja ne, mai busa bigila a bariki, shi ya fara nuna mini yadda ake ɗora leɓe a bakinta. Da ya bar aiki ya koma ƙauyensu yana koyar da yaran makaranta kyauta. Yanzu ya haura saba'in, kuma na ji an ce ya rantse bana ce shekararsa ta ƙarshe.

Talata: Rabah zuwa Goronyo

Ƙarfe takwas muka tashi. Sai da muka koma bakin babbar hanya na sake mota, jimlar kuɗin naira dubu huɗu. Shinge huɗu na ƙirga. Direban ba mai surutu ba ne, abu ɗaya ya faɗa da ya ji inda za ni: "Baba, ka shiga da hantsi, ka hito kahin la'asar. Bayan ƙarhe ukku ko kuɗɗi nawa ka bayas ba mai ɗauko ka." Mun shiga Goronyo ƙarfe goma sha biyu da rabi.

Babu abin da na yi a ranar sai jira, don masu mashin na wancan gefen sun riga sun tafi. Na ci soyayyen kifi na dubu ɗaya da ɗari biyar kusa da tasha, ya yi gishiri da yawa, na bi shi da fura. Na kwana a shagon wani ɗan'uwan Alhaji Ladan, kan buhunan albasa, sauro kuwa ya yi mini maraba yadda ya kamata.

Laraba: ƙauyen Kofur

Ƙarfe bakwai da rabi na hau mashin, dubu uku da ɗari biyar. Mun wuce Shinaka wajen takwas da rabi. Daga nan sai 'yan sa-kai suka tsayar da mu, suka tambayi sunana da na wanda zan gani, ɗaya ya buga waya kafin su ɗaga mana itacen da suka tare hanya da shi. A hanya na ga gidaje da ba jinka, da gonakin da ciyawa ta cinye. Ƙarfe tara da minti ashirin muka isa, na ce wa mai mashin ya jira ni har ƙarfe biyu.

Kofur na tsaye a bakin makaranta da tsohuwar hularsa ta soja. Ya tsufa ƙwarai, amma bayansa a miƙe yake. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. "Haliru," ya ce, don shi bai taɓa kirana Sikeli ba, "ka zo. Allah shi yi ma albarka. Taho ka ga ɗiyana."

Su ashirin da biyu ne, sun jeru a fili. Mai sanda ya ɗaga sanda suka taka, ni kuma na juya baya kamar kullum. Me zan ji? Takun ƙafa, da wani ƙwas-ƙwas, da wani gunji can ƙasa kamar na ƙudan zuma a cikin tulu. Na juyo. Ganguna an lulluɓe su da tsofaffin barguna an ɗaure. Bigila shida, kowace an cusa mata tsumma a baki.

Kofur ya ja ni inuwa ya yi mini bayani. Shekara biyu da suka wuce ɓarayin daji suka shigo garin da rana tsaka, suka kashe mutane, suka kora shanu, ba wanda ya sani sai da suka kai kasuwa. Bayan nan shi da kansa ya ɗauki bigila ɗaya daga cikin bakwai na makaranta ya ba masu gadi da ke kan tankin ruwa. Aka yi shela cewa duk wanda ya ji bigila ya bar abin da yake yi ya gudu. Sau biyu ta ceci garin. Tun daga lokacin maigari ya hana a busa wata bigila a ƙauyen, ko a kaɗa ganga da ƙarfi, don kada ta rufe ta masu gadi.

"Ɗiyan ga," in ji Kofur, "ba su taɓa jin kansu ba. Sahabi wancan, dogon, ajinai na ƙarshe ke nan. Leɓenai ya hi nawa sadda nike soja. So nikai su tsaya hilin Sakkwato su cire tsumman ga sau guda, in ji su da kunnena, in aje aiki."

Na sake kallonsu, wannan karon da ido, abin da ban saba ba. Sandunan kiɗa suna tashi tare suna sauka tare. Ƙafa ba ta saɓa ba ko sau ɗaya. Masu busa suna jan numfashi a wuri ɗaya, ka ga kafaɗunsu sun ɗaga lokaci guda. Raina ya ba ni akwai abu a nan. Amma na ce, "Kofur, ka san ƙa'idata. Ba ni hwaɗin abin da ban ji ba."

Ya ce ya sani, kuma ya yi tunanin haka tun kafin in zo. Zai je ya roƙi maigari a sa mai shela ya zagaya gari da yamma, a faɗa a masallatai da magariba da asuba, a aika gonaki da rugage, cewa gobe ƙarfe tara na safe za a ji bigila ta 'yan makaranta, kada kowa ya tsorata. Ni dai in kwana ɗaya kawai a ɗakinsa.

Nan ne zan faɗi abin da ya fi mini wuyar faɗa. Tsoro ya kama ni. Na tuna gidajen da na gani a hanya, na tuna maganar Malam Buhari da ta direba. Ban ce wa Kofur ina tsoro ba, cewa na yi to, ya je ya gwada. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan maigari yana sauri kamar yaro.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata ne. Na dubi agogo, na dubi mai mashin da ke kwance a inuwa. Sai na kira Sahabi na shiga da shi aji na ƙarshe, na rufe ƙofa. Na ce ya cire tsumman ya busa mini layi ɗaya, a hankali.

Ya ce, "Baba, an hana."

Na ce, "Cikin ɗaki muke. Wa za ya ji?"

"Kofur ya ce ko da wasa..."

"Kana son zuwa Sakkwato ko ba ka so? Ni ka hwaɗin wanda za ya tahi. In ban ji ba, Rabah za a ɗauka."

Ya tsaya yana kallon bigilar. Shekara talatin da biyu ina wannan aiki, na fi kowa sanin cewa bigila ba ta da a hankali, kuma ina ganin tagogin ajin ba ko ƙyaure. Na sani sarai. Yaron ya zare tsumman, ya gyara tsayuwa, ya busa.

Ban taɓa jin irinta ba. Muryar sama ta fita tas, doguwa, ba rawa ba tsagewa, ya sauko da ita kamar ba ya numfashi. Shi kansa idonsa ya buɗe, don bai san haka yake busawa ba. Bai fi daƙiƙa goma ba. Kafin ya sauke ta daga baki muka ji ihun farko.

Da muka fito garin ya riga ya tashi. Mata da goyo suna kutsawa cikin gero, wasu ba mayafi. Yaran badujala sun watsar da ganguna sun bi uwayensu. Masu gadi a kan tanki da suka ji busa suka ɗauka wani ya hango abin da ba su hango ba, su ma suka busa tasu. 'Yan sa-kai suka harba bindiga sama. Wani ya saki shanunsa suka afka gonar wake. Na tsaya a bakin aji da littafi a hannu ban san inda zan sa kaina ba.

Sai da aka yi fiye da awa ɗaya ana kiran mutane kafin su fara dawowa. An ɗauko wata tsohuwa a kan ƙyauren ɗaki, ta faɗa kwazazzabo wajen gudu ƙugunta ya karye. Kakar Sahabi ce, ita ta rene shi.

Aka kai ni gaban maigari. Samari sun kewaye ni, wani riƙe da gora. Kofur ya shiga tsakani ya ce baƙonsa ne, duk mai son taɓa ni ya fara da shi. Maigari bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni, "Malam, an hwaɗa maka dokar garin ga ko ba a hwaɗa ba?" Na ce an faɗa. Ya ce, "Na riga na ba Kofur izinin gobe. Yana tsaye nan gabana yana godiya munka ji busa."

Ya sa aka kawo buhu, aka zuba bigila shida a ciki aka ɗaure, aka shigar cikin gidansa. Iyaye kuwa tun a wurin suka fara cewa ɗansu ya bar badujala. Kofur ya roƙa, ya cire hularsa ya durƙusa, tsoho ɗan saba'in da wani abu. Maigari ya ce, "Kawu, tashi. Ba ni iya ce ma mutanen ga komi yau, ko baɗi."

Ƙarfe biyu saura minti goma Kofur ya raka ni wurin mashin. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kwana guda, Haliru."

Komawa gida

Mun iso Goronyo ƙarfe huɗu saura. Na samu motar ƙarshe mai zuwa Wurno, dubu biyu da ɗari biyar, na zauna a baya kusa da kwandon kifi. Ban ƙirga shinge ba. Ana kiran magariba na shiga gida. Maiɗakina ta ce, "Lahiya kad dawo?" Na ce lafiya lau, ta kawo tuwo na kasa ci.

Alhaji Ladan ya kira bayan isha'i. Na ce masa Rabah. Ya ce, "Na Kofur fa?" Na ce ba su shirya ba. Ƙarya na yi masa, don in rufa wa kaina asiri, kuma ya yarda saboda Sikeli ne ya faɗa.

Ranar gasa na je Sakkwato. Na Rabah suka zo na ɗaya. Mutane suka yi ta dafa kafaɗata, shekara goma sha biyu ke nan, Sikeli ba ya kuskure. Ina cikin karɓar gaisuwa na hango Kofur a bayan igiya, shi kaɗai, ya biya wa kansa mota tun daga can. Na so in ɓuya, ya riga ya gan ni. Na ƙarasa na gaishe shi, na tambayi jikin tsohuwar, ya ce tana kwance, ba ta tashi ba. Sahabi ya bar makaranta yana jinyarta. Muka tsaya muna kallon na Rabah suna zagaya fili da kofi.

Can ya ce, "Kai kaɗai kaj ji shi kusa. Ni daga nesa nij ji, cikin ihu. Hwaɗa min gaskiya, nawa da waɗanga, wa yah hi?"

Na ce, "Naka, Kofur. Ba su ko kusa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ka rubuta. Ka sa sunanka ƙasa."

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Malam Buhari da tuwonsa, da direbobi da masu mashin, da mutanen ƙauyen da suka bar ni na fita da ƙafafuna. Ina neman gafarar Alhaji Ladan, wanda a nan zai fara sanin abin da ya faru. Ga kuma abin da Kofur ya ce in rubuta: 'yan badujalar da suka fi kowa a bana su ashirin da biyu ne, ba su je Sakkwato ba, kuma ni na hana su zuwa.

Haliru Sikeli, Wurno.